Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Kwamishinan Ilimi na Jihar Kano kan Ɗaliban da Ake Cutarwa a Gidajensu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Kwamishina, bayan gaisuwa da fatan alheri, mu da muka rubuto wannan takarda malaman sakandare ne, da masu ba ɗalibai shawara, da ma'aikatan jinya, da jami'an walwalar jama'a. Magana ɗaya ce ta haɗa mu: ɗalibin da ake cutarwa a gidansu, da abin da makaranta take yi da shi ranar da asirin ya fito. Mun sa shugabannin makarantu da kwamitocin iyaye a cikin wannan kira, domin yawancin aikin a hannunsu zai ƙare.

Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a 2014 tare da UNICEF ya nuna cewa yara shida cikin goma a Nijeriya sun gamu da wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18. Yarinya ɗaya cikin huɗu da yaro ɗaya cikin goma an yi lalata da su, kuma waɗanda suka samu wani taimako ba su kai biyar cikin ɗari ba. A ɗora wannan lissafi a kan aji ɗaya mai ɗalibai saba'in. Mai cutar da yaro kuwa sau da yawa ba baƙo ba ne. Yakan zama mijin uwa da aka kawo masa agola, ko matar uba, ko kawun da aka ba riƙo, ko ɗan haya a soro, ko uban da kansa idan ya sha ya dawo. Wannan ya sa maganar take da nauyi, don wanda makaranta za ta kira a matsayin waliyyi yana iya zama shi ne matsalar.

Doka ba ta gaza ba a kan takarda. Akwai Dokar 'Yancin Yara ta tarayya ta 2003, akwai Dokar Kare Yara da aka sa wa hannu a Kano a watan Mayun 2023, akwai manufar ƙasa ta 2021 kan tsaron makarantu da raba su da cin zali, ga kuma dokar ta-ɓaci kan ilimi da gwamnatin jiha ta ayyana a watan Yunin 2024. Abin da ya rage shi ne malamar aji ta san abin da za ta yi da ƙarfe goma na safiyar Talata, lokacin da yarinya ta tsaya bayan an fita tara, tana murza bakin hijabinta, ta ce, “Malama, ina son in faɗa miki wata magana.”

Kafin a kai ga wannan ranar, alamu sun daɗe suna nunawa, kuma rajistar aji ce take fara ɗaukar su. Ɗalibar da a zangon farko ba ta fashi, ta koma fashin Litinin da Talata. Wadda take cikin goman farko ta gangara ta hamsin a zango ɗaya. Tana barci a darasi na biyu saboda ba ta runtsa da dare, ko don aikin gida, ko don tana gadin ƙofar ɗakin da ba shi da sakata. Idan aka buga allo ko aka taɓa kafaɗarta ta baya sai ta zabura. An tashi, kowa yana rige-rigen fita, ita tana jan ƙafa, tana neman aikin shara. A makarantar kwana kuma a kan ga fitsarin kwance ya dawo wa babbar yarinya, ko ciwon ciki da ciwon kai da asibiti bai gano dalilinsu ba, suna tsananta idan hutu ya gabato. Namiji nasa yakan fito ta wata fuskar: faɗa, taurin kai, tsallake katanga, daga baya sholisho ko wiwi. Shi ba a cika tambayarsa me ke damunsa ba, dorina ake ɗauko masa. Ɗaya daga cikin waɗannan alamu ba hujja ba ce a kan kowa. Amma uku ko huɗu tare, a cikin ɗan lokaci, sun isa a zauna da yaro.

Akwai dalilin da ya sa karatu yake lalacewa, kuma ya kamata kowane malami ya san shi. Jikin da ke zaune cikin fargaba kullum a shirye yake ya gudu ko ya kare kansa. Zuciya tana bugawa da sauri, barci ba ya nisa, kunne yana kan takun ƙafa da sautin murya maimakon abin da ake rubutawa a allo. Abin da yaro ya koya da rana kuwa a cikin barci yake zama a ƙwaƙwalwa. Wanda bai yi barci ba zai karanta shafi sau uku ya tashi babu komai a kansa. Sai a rubuta masa daƙiƙi a katin sakamako, a zane shi a gaban taron safe, a ba shi katin ya kai wa mutumin da zai sake zane shi a gida.

Roƙonmu na farko mai araha ne. A fitar da umarni a rubuce cewa duk ɗalibin da ya yi fashin kwana uku a jere, ko kwana biyar a cikin wata, malamin aji ya kai sunansa ga mai ba da shawara a ranar, a kuma bi sawunsa kafin mako ya ƙare. A halin yanzu monita ne yake kiran suna a azuzuwa da yawa, ya sa alamar fashi, zango ya ƙare, a ja layi a kan sunan. Babu wanda ya tambaya ko an kai ta aikatau, ko an ɗora mata talla, ko an ɗaura mata aure don a rufe wata magana.

Na biyu, kowace makaranta ta ware mutum biyu da aka horar, ɗaya dole ta zama mace ko da makarantar maza ce, a rage musu darasi aƙalla kashi ɗaya cikin uku. Muƙamin mai ba da shawara yana nan a makarantu da yawa, amma sau tari an liƙa wa wanda yake koyar da darussa ashirin a mako, ba shi da ɗaki, yana zaune a ofishin malamai inda kowa yake jin kowa. Babu yarinyar da za ta buɗe baki a can. Ana buƙatar ɗaki ƙarami mai taga, wanda ake hango na ciki amma ba a jin maganarsu, da kujeru biyu, da akwatin ƙarfe mai kwaɗo. A cikin littafin da ke akwatin, lamba ake rubutawa a madadin suna, mabuɗin lambobin kuma yana wani wuri dabam.

Zaman farko shi ne wurin da aka fi yin ɓarna, don haka za mu tsaya a kansa. Idan yarinya ta fara magana, a bar ta ta kai aya. Kada a yi salati da ƙarfi, kada a dafe ƙirji, domin idan ta ga ta tayar wa babba hankali za ta haɗiye sauran. Abu uku take buƙatar ji: “Na ji ki. Ba laifinki ba ne. Kin kyauta da kika faɗa.” Kada a tambaye ta me ya kai ta ɗakin, ko me ya sa ba ta yi ihu ba, ko me ya hana ta faɗa tun tuni. Tsoro yakan sandarar da mutum ya kasa ko motsi, wannan sananne ne, kuma tambayar “me ya sa” a kunnen yaro tuhuma ce. Kada a sa mata magana a baki. “Kawunki ne, ko?” tambaya ce da lauyan wanda ake zargi zai rusa shari'a da ita. A ce kawai, “Sai me ya faru?” Kuma kada a yi mata alkawarin cewa maganar za ta tsaya tsakaninku, don ba za ta tsaya ba, kuma ranar da ta gane an karya alkawarin ta daina yarda da kowa. A faɗa mata gaskiya: “Zan gaya wa mutum ɗaya ko biyu da za su iya kare ki, kuma zan faɗa miki su wane ne kafin in gaya musu.” Da ta fita, a rubuta abin da ta ce da kalmominta, ba da gyararriyar Hausar malami ba, a sa kwanan wata da lokaci, a sa hannu. Sau ɗaya ya isa. Idan aka sa ta maimaita wa malamar aji, da mataimakin shugaba, da shugaba, da shugaban kwamitin iyaye, kowane maimaici sabon ciwo ne, labarin kuma zai riƙa canja kama har a ce ƙarya take yi.

Idan lalata aka yi da ita kwanan nan, agogo ya fara lissafi. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin sa'o'i 72, ana shan sa kwana 28, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa yana aiki zuwa sa'o'i 120. Akwai kuma maganin cututtukan sanyi, da rigakafin ciwon hanta, da ɗinkin rauni idan akwai. Cibiyar Waraka da ke Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad an kafa ta domin wannan aiki, kuma lambarta ya kamata ta kasance a manne a bangon ofishin kowane shugaban makaranta. Makarantun da ke nesa da birni, irin na Doguwa ko Tudun Wada, su san tun yau wane babban asibiti ne mafi kusa da yake da waɗannan magunguna, da wanda zai biya kuɗin mota. Kada a tsaya jiran takardar 'yan sanda kafin a tafi asibiti. Idan ba ta yi wanka ba a roƙe ta ta dakata, kayan da ke jikinta a naɗe su a takarda ko ambulan, ba a leda ba, don leda tana riƙe danshi ta lalata shaida. Idan kuma ta riga ta yi wanka, ko kwana uku sun wuce, a tafi duk da haka. Malama ko mai kula da ɗakin kwana ba ta da hurumin tuɓe yarinya ta duba ta. Gwajin budurci da wasu suke nema kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana tun 2018 cewa ba shi da tushe a ilimin likitanci, wulaƙanci ne kawai a kan wulaƙanci.

Ranka ya daɗe, ga inda al'adarmu ta makaranta take cin amanar yaro ba da niyya ba. Shugaba yana jin magana, abin da ya fara zuwa bakinsa shi ne, “Je ki zo da mahaifinki.” Idan shi ne mai laifin, ko yana kare mai laifin, an miƙa masa ita ke nan tare da labarin cewa ta tona. Gobe ba za ta zo ba, jibi a ce an mayar da ita ƙauye. Tambayar da ta kamata a yi wa yarinya ita ce, “Wa kika fi yarda da shi a danginku? Ina za ki iya kwana yau ba tare da tsoro ba?” Sau da yawa za ta ambaci kaka, ko inna, ko gwaggo, ko uwar da aka saka. Addini ma yana tare da wannan. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu na shari'a suke bi, kamar yadda littafin fiƙihu na Risala ya kawo, reno bayan saki haƙƙin uwa ne har namiji ya balaga, mace kuma har ta yi aure ta tare. Idan uwa ta rasu ko ta yi wani auren, sai kaka, sannan 'yar'uwar uwa. Mutane da yawa sun ɗauka uba yana da ikon ƙwace yara da zarar igiyar aure ta tsinke, ya miƙa wa amaryarsa. Malaman addini na makarantunmu sun san wannan babi, a sa su cikin horon.

Sannan a kai rahoto ga jami'in walwalar jama'a na ƙaramar hukuma ko Ma'aikatar Mata a cikin kwana ɗaya, laifin fyaɗe ko duka mai rauni kuma ga 'yan sanda. Makaranta ba kotu ba ce, ba aikinta ba ne ta binciki wanda ake zargi ko ta haɗa shi da yarinya fuska da fuska. Mun san za a zo da maganar sulhu da rufin asiri, za a turo dattijo, wani lokaci da mai unguwa, a ce abu ne na cikin gida. Sulhu alheri ne a rikicin gado da na maƙwabta. A nan kuwa asirin babba ake rufewa, yarinya ta koma kwana a gida ɗaya da shi, ga ƙannenta suna tasowa. Shugaban makarantar da ya ƙi irin wannan sulhu yana buƙatar takardar ma'aikata da zai nuna ya ce, “Ba ni da iko, umarni ne daga sama.” Ku ba shi wannan takarda, ku kuma tabbatar masa ba za a yi masa canjin wurin aiki don ya bi ta ba.

Bayan hayaniya ta lafa, sauran aikin na aji ne, kuma a nan ne ilimi yake zama magani. Yaron da gidansu ba shi da tabbas yana samun natsuwa a wurin da komai yake da lokacinsa: ƙararrawa a kan kari, malamin da fuskarsa ta jiya ita ce ta yau. A zaunar da shi inda yake ganin ƙofa, kada a riƙa ɓullo masa ta baya. A raba masa aiki gunduwa-gunduwa, na minti goma ko sha biyar. A yarda da wata alama tsakaninsa da malami, idan abin ya taso masa ya fita minti biyar ya sha iska ba tare da tambaya a gaban aji ba. A gwada karatunsa a keɓe, don wanda ya yi fashin zango biyu yana SS1 da sunan aji amma lissafinsa na JSS2 ne. Rabin sa'a sau uku a mako da malami ɗaya, a fara daga inda ya tsaya, ya fi a maimaita masa aji cikin kunya. A ba shi wani abu da zai riƙe, ko mabuɗin ɗakin karatu, ko gurbi a ƙungiyar muhawara ko ƙwallo. Wanda aka daɗe ana ce masa ba shi da amfani yana buƙatar ya ga hujjar akasin haka da idonsa. Sauran malamai ba sai sun san labarin ba, ya isa a ce musu, “Wannan ba a dukansa, ba a kunyata shi, duk abin da ya yi a turo mini.”

Yara da yawa suna samun sauƙi cikin makonni idan cutarwar ta tsaya kuma akwai babba ɗaya tsayayye a bayansu. Idan wata ya wuce ana mugun mafarki, abin yana dawo mata kamar yanzu yake faruwa, ba ta ci, ba ta magana, to aikin ya wuce malami. A tura ta sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko asibitin Dawanau, a kuma yi wa dangi bayani cewa zuwa can ba ya nufin hauka. Wanda yake son addu'a da ruƙiyya ya yi, ba su hana ganin likita, amma dukan yarinya da sunan korar aljani ƙarin cuta ne. Duk ɗalibin da ya ambaci kashe kansa, ko da cikin raha, a tambaye shi kai tsaye ko da gaske yake. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da fiya-fiya da shinkafar ɓera da tarin ƙwayoyi daga inda yake kwana, a kai shi asibiti a ranar.

Makarantar kwana mafaka ce ga irin waɗannan yara, muna roƙon a ware gurabe kaɗan a kowace shiyya da za a iya mayar da ɗalibi a tsakiyar zango ba tare da dogon bin ofisoshi ba. Amma tana da nata ramukan. Dole a rubuta sunayen waɗanda aka yarda su ziyarci ɗaliba ko su ɗauke ta, mai gadi ya san su, domin “ni kawunta ne” ta isa buɗe ƙofa a wurare da yawa. Dole a sa ido kan manyan ɗalibai, don yaro mai tsoro shi suke fara ganowa. Sai kuma hutu, musamman dogon hutun ƙarshen shekara. Mako biyu kafin a rufe, a san gidan da za ta sauka, jami'in walwala ya je ya gani da idonsa.

Abu na ƙarshe da ke yanke karatun waɗannan yara takardu ne da 'yan kuɗi kaɗan. Takardar haihuwa da sakamakon BECE, wato jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, suna cikin akwatin mutumin da yarinya ta gudu daga hannunsa. Makaranta ta ajiye kwafin kowanne a fayil tun ranar shiga. Idan aka canja mata makaranta, makin gwaje-gwajen aji na SS1 da SS2 su bi ta, domin rajistar WAEC tana neman su, kuma rashinsu yana iya hana ɗaliba zama jarrabawa tare da 'yan ajinta. JAMB tun 2021 ba ta rajista sai da lambar NIN, kuma lambar wayar da aka fara rajista da ita ce ake ci gaba da turo wa saƙo. Idan layin na mijin uwa ne, makomarta tana aljihunsa. A taimaka mata ta yi NIN tun tana SS1, a yi rajista da layin wanda ta aminta da shi. Ɗalibar da rikici ya hana ta zama jarrabawar tantancewa ta SS2, wadda ake dubawa kafin gwamnati ta biya kuɗin NECO, a buɗe mata hanyar ɗaukaka ƙara da takardar jami'in walwala. Tallafin kuɗi na AGILE, shirin tallafa wa karatun 'yan mata wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 kuma Kano na cikin jihohi bakwai na farko, a duba hannun da yake shiga idan an raba yarinya da mariƙinta. Sauran kuwa inifom ne, da takalmi, da audugar mata, da kuɗin mota, abubuwan da ƙaramin asusu a hannun kwamitin makaranta zai ɗauka, da rasit da sa hannun mutum biyu.

Wadda aka yi wa ciki ta hanyar fyaɗe, korarta hukunci ne a kan wadda aka zalunta. Muna roƙon a rubuta ƙarara cewa gurbinta yana nan, tana iya dawowa bayan haihuwa, a makarantarta ko a wata idan ta fi son inda ba a san ta ba. Idan aji na yau da kullum ya gagara, ga cibiyoyin mata na Hukumar Ilimin Manya da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a 1980, ga jarrabawar NECO da WAEC ta masu zaman kansu. A haɗa ta da su hannu da hannu, kada a tsaya a ce mata “ki je ki nema.”

Abin da muke jira daga ofishinka kafin zango mai zuwa shi ne takardar umarni mai shafi biyu, da Hausa da Turanci, zuwa ga Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta jiha, da Hukumar Kula da Manyan Makarantun Sakandare, da ta Makarantun Kimiyya da Fasaha, da masu makarantun kuɗi. A biyo ta da horon kwana uku ga mutum biyu daga kowace makaranta, shiyya-shiyya. Masu duba makarantu kuma idan sun zo, bayan sun ƙirga kujeru da tsarin darasi, su buɗe rajista su nuna sunan da aka ja wa layi, su tambayi shugaba ina wannan ɗalibar take.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka. Wassalam.

Daga wasu malamai, masu ba ɗalibai shawara, ma'aikatan jinya da jami'an walwalar jama'a a Jihar Kano.